Sulken Iron Man da Hannuwan da Suka Zana Shi

A cikin jaruman da masu littattafan zane na Amurka suka ƙirƙiro a ƙarni na ashirin, kaɗan ne kamanninsu ya sha sauyi kamar na Iron Man, wato jarumin kamfanin Marvel wanda duk ƙarfinsa yake cikin sulken da yake sakawa. Littattafan da ake magana a kansu, waɗanda ake kira komik, ƙananan mujallu ne da ke fitowa wata-wata, inda ake ba da labari ta hanyar jera hotuna cikin akwatuna shafi bayan shafi, a rubuta maganar kowane mutum a cikin da'ira kusa da bakinsa. Superman ya fito a 1938, Spider-Man kuma a 1962, kuma har yau tufafinsu na asali ne aka fi sanin su da shi, amma Iron Man ya canza sulke sau gommai tun daga 1963. A cikin labarin, kowane sauyi yana da dalilinsa, domin Tony Stark, attajirin injiniyan da ke cikin sulken, yakan gamu da abokin gaban da ya fi ƙarfinsa, sai ya koma ɗakin ƙirarsa ya fito da sabo. Tarihin sana'ar kuwa yana nuna cewa waɗannan dalilai daga baya ake samar da su, ainihin abin da ke sauya sulken shi ne hannun da ke riƙe da fensir, da irin maɗaba'ar da za ta buga zanen, da kuma yawan shafukan da dole a kammala kafin wata ya ƙare.

Fahimtar wannan na bukatar sanin yadda aka rarraba aikin a wancan zamani. Shafi ɗaya yakan bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ya isa maɗaba'a: mai fensir shi ke tsara akwatuna ya zana mutane da wurare, mai tawada ya bi bayansa da alƙalami ko buroshi ya mayar da zanen baƙi ƙirin yadda na'urar ɗaukar hoto za ta iya kama shi, mai rubutu ya cike da'irorin magana, mai launi kuma ya nuna wa maɗaba'a irin launin da za a sa a kowane gurbi. A ofishin Marvel da ke birnin New York, edita Stan Lee ya saba ba mai fensir taƙaitaccen bayanin labari kawai, shi kuma ya je ya shimfiɗa shi cikin hotuna yadda ya ga dama, sannan a dawo a rubuta maganganu a kan abin da ya zana. Wannan tsari ya ba masu zane iko mai yawa a kan labari, kuma ya ba su kusan cikakken iko a kan kamannin jarumai, tun da babu wani littafin ƙa'ida da ya tanadi faɗin kafaɗa ko yawan ƙusoshin kwalkwali.

Shi kuwa sulke yana jefa mai zane cikin matsaloli biyu da sauran jarumai ba sa jefa shi. Ta farko ita ce ta jiki, domin abin da ake kira tufafin jarumi a wannan sana'a galibi jikin mutum ne aka zana da tsokokinsa, sannan aka ja layuka a wuya da wuyan hannu da ƙugu aka shafa launi, alhali kuwa ƙarfe ba ya lanƙwasa yadda fata ke yi, kuma idan aka zana shi da gaskiyarsa sai jarumin ya sandare. Ta biyu ita ce ta fuska, domin labarin zane yana dogara ne da gira da baki wajen nuna fushi ko tsoro ko baƙin ciki, ga shi kuma an rufe fuskar wannan jarumi da farantin ƙarfe. Duk wani sabon sulke da aka yi wa Iron Man amsa ce ga waɗannan matsaloli biyu, kuma kowane mai zane da abin da hannunsa ya fi gwaninta a kai yake amsawa.

Shekarar sulke uku

Iron Man ya fara bayyana a fitowa ta 39 ta mujallar Tales of Suspense mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1963. Stan Lee ne ya tsara labarin, ƙanensa Larry Lieber ya rubuta maganganun, Don Heck ya zana shafukan ciki, Jack Kirby kuma ya zana bango. Heck da kansa ya bayyana daga baya cewa Kirby ne ya tsara sulken, saboda a lokacin bango ake fara zanawa kafin a taɓa ciki, shi kuma nasa shi ne fuskar Stark da ta mutanen da ke kewaye da shi. Labarin ya faru ne a Biyetnam, inda ɓaraguzan nakiya suka shige ƙirjin Stark kusa da zuciya, 'yan tawaye suka kama shi, ya ƙera farantin ƙirji da zai tsare rayuwarsa tare da taimakon wani tsohon masani mai suna Yinsen, sannan ya gina sauran sulken a kan wannan faranti.

Kafin wannan lokaci, Tales of Suspense mujallar dodanni ce da halittun sararin sama, kuma Kirby ya shafe shekaru yana cika bangonta da manyan halittu masu faɗin ƙirji da kaurin yatsu. Sulken farko ɗan wannan gida ne: ruwan toka ne, kansa kamar tukunyar ƙarfe da aka kife, ba shi da wuya, hannuwa da ƙafafu kuma kamar bututu, ramukan ido da na baki ƙanana ne ƙwarai. Kirby mai zanen nauyi ne, wanda siffofinsa ke da kusurwa da kauri, kuma abin da ya ba masu karatu shi ne na'ura mai tafiya wadda da ƙyar a yarda akwai mutum a ciki. Wata ɗaya kacal sulken ya yi da wannan launi, domin a fitowa ta 40 an mayar da shi ruwan zinariya, aka ce a cikin labari wai mutane na firgita da ganinsa, har wata budurwar Stark ta ba da shawarar a canza masa launi.

Yanayin bugu na lokacin yana ƙara haske a kan wannan sauyi. Tawada huɗu ake amfani da su, wato baƙa, rawaya, shuɗiya mai haske da kuma ja mai sirkin shunayya, kuma kowace daga cikin ukun masu launi ana iya buga ta cikakkiya, ko rabi, ko rubu'i ta hanyar ɗigo-ɗigo, ko a bar ta gaba ɗaya, abin da ya ba da launuka 64 kacal a kan takardar jarida mai arha wadda ke shan tawada. Ruwan toka yana daga cikin launukan da suka fi wuyar daidaituwa a wannan tsari, kuma kamfanin ya riga ya ɗanɗana hakan a 1962, lokacin da jaruminsa Hulk ya fito ruwan toka a fitowarsa ta farko, launin ya yi ta bambanta daga shafi zuwa shafi, aka mayar da shi kore a ta biyu. Zinariya kuwa a wannan maɗaba'a rawaya ce zalla, tawada ɗaya wadda ba ta gardama, kuma tana ɗaukar ido daga nesa a kan teburin mai sayar da jaridu.

Sauyin da ya fi kowanne tasiri ya zo ne a fitowa ta 48, ta watan Disamba na 1963, daga hannun Steve Ditko, wanda fitowa uku kawai ya zana na wannan jarumi. Ditko shi ne mai zanen Spider-Man da Doctor Strange, kuma mutanensa sirara ne masu dogayen yatsu, waɗanda ke lanƙwashewa su karkace yadda damuwarsu za ta bayyana a jikinsu tun kafin a karanta maganarsu. Irin wannan hannu ba shi da abin yi da bututun ƙarfe, don haka ya raba sulken gida biyu: ƙirji da kwalkwali da safar hannu da takalma ya bar su da tauri ya sa musu ja, damatsa da cinyoyi da farantin fuska kuma ya bar su rawaya, ya zana damatsan da cinyoyin suna bin tsokar jiki kamar fata. Ya ware shafuka da dama yana nuna yadda Stark ke saka shi gaɓa-gaɓa, yadda hannun rigar ke fitowa daga cikin safar hannu maganaɗisu ya ja shi zuwa kafaɗa, yadda na ƙafa ke tasowa daga takalmi, ya kuma faɗaɗa ramukan ido domin a riƙa ganin idon mutumin da ke ciki, ya yi wa saman farantin fuska tsini biyu kamar ƙaho. Dalilin da labari ya bayar shi ne nauyin tsohon sulken yana cinye wuta yana wahalar da zuciyar Stark. Abin da ya faru a kan takarda kuwa shi ne Ditko ya mayar da Iron Man cikin sahun sauran jarumai, wato jikin mutum mai launi, ya bar ƙarfen gaske a wurare kaɗan da za su riƙa tuna wa mai karatu cewa sulke ne. Ja ɗin ma mai sauƙin bugu ne, tun da haɗin tawada biyu ne cikakku ba tare da ɗigo ba.

Shekaru ashirin na gyaran fuska

Daga 1964 zuwa 1985 tsarin Ditko bai gushe ba, sai dai kowane mai zane ya taɓa shi ta inda ya dame shi, kuma kusan kullum fuskar ce. Da Heck ya dawo kan aikin, ƙahonin suka ɓace a cikin 1964, kwalkwalin ya zama kewayayye, aka jera masa ƙusoshi na ɗan lokaci sannan su ma aka share su, domin duk abin da za a riƙa ɗigawa ɗaya-ɗaya a akwatuna sittin ko saba'in kowane wata ba ya daɗewa a wannan sana'a. A farkon 1966 Gene Colan ya karɓi fensir, da farko a ƙarƙashin sunan aro na Adam Austin, kuma shi ne ya fi kowa nisa wajen warware matsalar fuska ba tare da ya canza tsarin sulken ba. Colan mai sha'awar fina-finai ne, yana zana shafi kamar mai riƙe da kyamara, daga ƙasa ko daga sama ko a karkace, yana kuma cika shi da inuwa. Idan Stark na cikin baƙin ciki sai ya sunkuyar da kwalkwalin, inuwa ta rufe ramukan ido, tsagar baki ta ɗan lanƙwasa ƙasa kaɗan, idan kuma ya fusata sai a hango shi daga ƙasa, ramukan idon su tsuke. Ƙarfe ba ya yin haka, amma mai karatu ba ya lura da ha'incin, domin lanƙwasar ba ta wuce abin da zai iya jingina wa kusurwar kallo ba.

Bayan jarumin ya samu mujalla mai sunansa a 1968, George Tuska ne ya fi daɗewa a kanta, kuma a hannunsa sulken ya zama jikin ɗan dambe sosai, da ƙwanji da tsokar ciki a bayyane ko a kan farantin ƙirji. A wannan zamani ne aka yi gyaran da har yau masu sana'ar ke ba'a da shi, lokacin da aka fito wa farantin fuska da hanci a 1974. Labarin da ake bayarwa a kamfanin shi ne Stan Lee ya dubi wani zane ya yi tambaya a kan inda hancin mutumin yake shiga a cikin kwalkwali mai fuska shafaffiya haka, na ƙasa da shi suka ɗauki tambayar a matsayin umarni. Hancin ya kai 1976 kafin a cire shi. Abin da ya koyar shi ne cewa farantin yana aiki ne saboda ƙarancin abin da ke kansa, ramuka biyu da tsaga ɗaya, waɗanda mai karatu ke cike sauran da tunaninsa, kuma da zarar an matsar da shi kusa da fuskar gaske sai rashin motsinsa ya fito fili.

A ƙarshen 1978 marubuci David Michelinie da mai tawada Bob Layton suka karɓi mujallar, tare da matashin mai fensir John Romita ƙarami, kuma a nan ne aka ga cewa mai tawada ma yana iya sake sulke ba tare da ya motsa layi ɗaya na tsarinsa ba. Layton ya ɗauki sulken a matsayin ƙarfe mai sheƙi, don haka a kan cinya ko damtse yakan ja baƙin layi mai kauri da ke bin tsawon gaɓar, ya bar siririn fili fari a gefensa, ya ƙara ƙananan layuka masu kaifi inda haske ke karyewa, yadda ido zai karanta wurin a matsayin abin da aka goge har yana ɗaukar hoton abin da ke kewaye da shi. Tsokar da Tuska ya fito da ita ta koma santsin ƙarfe, ko da yake siffar ba ta canza ba. Su ne kuma suka shigo da tunanin cewa injiniya ba zai tsaya da sulke ɗaya ba, suka fito da na sararin sama mai kauri da na ɓuya mai duhun launi a 1981, daga baya kuma na ƙarƙashin teku a 1987. Wannan tunani ya buɗe wa duk masu zanen da suka biyo baya ƙofa, domin daga nan sabon sulke ya daina zama saɓa wa al'ada, ya zama wani ɓangare na halin jarumin.

Kafaɗu, bindigogi da kwamfuta

A fitowa ta 200, ta watan Nuwamba na 1985, wadda Denny O'Neil ya rubuta Mark Bright ya zana, aka yi watsi da zinariya a babban sulken jarumin karo na farko tun 1963, aka fito da sulke ja da azurfa mai faffaɗan kafaɗu masu tsini, da'irar ƙirji kuma ta zama alwatika. Siffa ce ta zamaninta, mai kusurwa da faɗin sama, kuma ta dace da hannun Bright mai tsabtar layi, amma ba ta kai shekara uku ba, domin a ƙarshen labarin yaƙin sulke na 1987 zuwa 1988 an dawo da ja da zinariya. Da Romita ƙarami ya dawo a 1990, hannunsa ya riga ya canza zuwa zanen mutane masu kauri da kusurwa, sai ga shi sulken da Bright da Layton suka zana siriri ya kumbura, takalma da safar hannu suka yi girma, ba tare da labari ya ce an ƙera sabo ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wannan misali ya nuna cewa sulke ɗaya a hannu biyu sulke biyu ne.

Farkon shekarun 1990 zamani ne da kasuwa ta karkata ga jarumai masu manyan makamai da zane mai cunkoson layuka, musamman bayan da Jim Lee da Todd McFarlane da Rob Liefeld da wasu abokansu suka bar Marvel suka kafa kamfanin Image a 1992. A wannan shekara marubuci Len Kaminski da mai zane ɗan Birtaniya Kevin Hopgood suka fito da sulken War Machine, baƙi da ruwan toka, da bindiga mai jigida a kafaɗa ɗaya da akwatin rokoki a ɗayar. Launin da aka kora a 1963 bisa hujjar yana tsorata mutane, shi ne aka dawo da shi domin ya tsorata, kuma sulken ya karɓu har aka ba da shi ga James Rhodes, abokin Stark, ya zama jarumi mai zaman kansa. Hopgood ya ci gaba da sulke mai sassan da ake cirewa a sauya a fitowa ta 300 a 1994, da ƙaton da aka yi domin karawa da Hulk a cikin wannan shekara, daidai lokacin da aka fara nuna sabon katun ɗin jarumin a talabijin, masu kayan wasan yara kuma suka gane cewa kowane sabon sulke sabon abin sayarwa ne. A 1996, lokacin da Marvel ta miƙa wasu mujallunta ga ɗakin aikin Jim Lee, Whilce Portacio ya zana sulke mai bututu a baya da faranti bisa faranti, wanda ya yi kyau a babban hoto ɗaya amma ya yi wuyar maimaitawa, kuma bai wuce shekara guda da 'yan watanni ba.

A daidai wannan lokaci kayan aikin ma suna canzawa. Tun a 1988 Mike Saenz ya fitar da littafin Iron Man da aka zana da kwamfuta, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 sanya launi da kwamfuta ya zama ruwan dare, takardar ta koma mai santsi, iyakar launuka 64 ta faɗi. Sakamakon haka shi ne sheƙin da Layton ke samarwa da baƙar tawada ya koma hannun mai launi, wanda yanzu zai iya sa ja ya tashi daga duhu zuwa haske a kan faranti ɗaya, ya sa fitilar ƙirji ta haska abin da ke gabanta. Zinariya ta daina zama rawaya zalla, ta zama zinariya.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne Adi Granov, haifaffen Sarayebo ta ƙasar Bosniya, wanda ya yi aikin tsara siffofi a kamfanin wasannin bidiyo kafin ya shigo sana'ar komik. A labarin Extremis, wanda Warren Ellis ya rubuta aka buga cikin fitowa shida tsakanin 2005 da 2006, Granov ya tunkari sulken kamar mai tsara mota ko jirgi, yana tambayar yadda kowane faranti zai zame a kan ɗan'uwansa idan gwiwa ta lanƙwasa ko ƙugu ya juya. Ya kawar da damtse da cinyar da Ditko ya bari kamar fata, ya maye gurbinsu da sassa masu gaɓoɓi da tsagogi, ya rufe idanun mutumin ya bar haske kawai a ramukan, ya kuma zana komai da fensir mai inuwa daki-daki kafin ya sa launi da kwamfuta. Da wannan aka amsa matsalar jiki ta hanyar bin gaskiyar ƙarfe maimakon kauce mata, kuma kuɗin da aka biya shi ne lokaci, domin fitowa shidan nan sun ɗauki fiye da shekara guda. Matsalar fuska kuwa an ɗauke ta daga kan farantin, aka mayar da ita kan tsayuwar jiki da kuma hotunan Stark idan ya cire kwalkwali.

Zanen Granov ya zo a kan gaɓa, domin lokacin da mai ba da umarni Jon Favreau ya fara shirin fim ɗin Iron Man wanda ya fito a 2008 da ɗan wasa Robert Downey ƙarami, yana bukatar sulken da za a iya ƙerawa a saka wa mutum a ɗauke shi da kyamara, kuma damtsen zinariya mai bin tsoka ba zai yi ba. An gayyato Granov ya yi aiki tare da Phil Saunders a kan ja da zinariyar, Ryan Meinerding ya sake fasalin na ruwan tokar da Kirby ya fara zanawa, ɗakin aikin Stan Winston ya ƙera na zahiri, masu kwamfuta kuma suka yi sauran. Fim ɗin ya warware matsalar fuska ta hanyar da takarda ba ta saba ba, wato ya shigar da kyamara cikin kwalkwalin ya nuna fuskar ɗan wasan da rubuce-rubucen haske a gabanta. Daga nan akalar ta juya, fim ya fara yi wa mujalla jagora: Salvador Larroca, ɗan ƙasar Sifen wanda ya zana jarumin daga 2008 zuwa 2012 tare da marubuci Matt Fraction, ya dogara da kwamfuta wajen maimaita sassan sulken daidai a kowane akwati, kuma sabon sulken da aka fito da shi a 2010 Meinerding na ɓangaren fim ne ya tsara shi. A 2020 kuma Alex Ross, mai zanen fenti wanda ya gina sunansa a kan girmama tsofaffin siffofi, ya tsara sulken da ya dawo da kewayayyen kwalkwali da damatsan zinariya masu santsi.

Idan aka jera waɗannan sulkuna aka dube su tare, za a ga cewa kyan zane shi kaɗai bai isa ya tsawaita ran kowannensu ba. Na Portacio ya mutu saboda wuyar maimaita shi, na azurfa ya mutu saboda ya taɓa launin da masu karatu ke gane jarumin da shi, hancin 1974 kuma ya mutu saboda ya ƙara abu a inda rashin abu ke aiki. Tsarin Ditko ya rayu ne saboda abubuwa kaɗan ya tanada, wato rabon ja da zinariya, da faranti mai ramuka biyu da tsaga, da fitila a tsakiyar ƙirji, ya bar sauran a buɗe yadda Colan zai iya lulluɓe shi da inuwa, Tuska ya cika shi da tsoka, Layton ya goge shi, Granov kuma ya yayyanka shi faranti-faranti, kowa ya sa hannunsa jarumin bai ɓace ba. Duk da haka, sunayen da ake rubutawa a matsayin waɗanda suka ƙirƙiri Iron Man, a mujalla da fim, huɗu ne: Lee, Lieber, Heck da Kirby. Sunan Ditko ba ya ciki, domin al'adar sana'ar tana ba da wannan matsayi ne ga waɗanda suka yi fitowar farko, kuma dukkansu aikin ƙodago suka yi wa kamfanin da ya mallaki abin da suka zana. Wannan al'ada tana auna ƙirƙira da ranar haihuwar jarumi, alhali tarihin wannan sulke ya nuna cewa siffar da duniya ta sani ta samu ne wata tara bayan haka, a hannun wanda ya zo riƙon ƙwarya.